Shinaka ta Cikin Waya

Laraba da dare, Goronyo.

Wasan yaƙin da ke wayata ya ba ni zaɓi yau. In masarautata ta karɓi Kiristanci, maƙwabta za su daina kawo muna hari, amma rabin talakawana za su yi tawaye. Sunan garinmu nis sa mata, Shinaka. Na yi istigfari, na danna.

Inna ta ji ni, tac ce, "Mi ya faru?"

"Wasa na, Inna."

"Wasa ba ya sa mutum istigfari."

Harin ya tsaya, ko rumbu guda ba a ƙone ba. Amma kwana ya ƙi zuwa. Daren da 'yan bindiga sunka kore mu daga Shinaka ta gasken, da an miƙo mani zaɓin ga, ban san ko zan tsaya yin istigfari ba.