Gwadon da Bai Hau Jirgi Ba

New Bell, Duwala
Oktoba, 1994

Zuwa ga maigidana Idirisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Marsel? Mu nan sai godiya. 'Yarka Jannat ta fara tafiya. Inna mahaifiyarka kuwa tarin nan ya ƙi sakinta.

Maƙwabcinmu Badamasi zai zo Faransa ƙarshen wata. Kamfanin jirgi ya ba shi kilo ashirin kacal, kuma ka san al'adar unguwar nan, matafiyi ba ya ƙin saƙo. Duk gidan da ke da ɗa a can ya sa wa akwatinsa ido: kilishi, daddawa, yaji, har da mai son aika ƙaramin turmi, Allah ya shirye ta.

Mu namu saƙon ɗaya ne. Tun da ka rubuto cewa gadi kake yi a waje cikin sanyi, Inna ta sa aka kawo mata auduga daga Garwa, ta kaɗa zare, ta saƙa maka gwado. Duk daminar nan ruwa na shigo mana ɗaki, ita tana kan saƙa da idon da ba ya gani sosai. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce ranar da aka sallame ka daga aikin tashar jirgin ruwa ba ta da abin da za ta ba ka, to yanzu hannunta zai kai inda ƙafarta ba za ta kai ba.

Ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Sabuwa

New Bell
Nuwamba, 1994

Baban Jannat,

Ina gaishe ka, ya jikinka, ya haƙurin zaman nesa? Kada ka tambayi Badamasi saƙonmu, babu.

Ranar awo aka ɗauki akwatin zuwa rumfar Kawu Rabe mahauci, ƙanen Inna, don shi kaɗai ke da sikelin rataye da yake auna cinyar saniya. Rabin unguwa ya biyo mu. Aka rataya, allura ta wuce ashirin da kusan kilo uku. Badamasi ya riƙe kai. Aka fara tsame kaya, kowa na kare ƙullinsa kamar ɗan cikinsa, mata biyu har suka yi zage-zage a kan kwalbar zuma.

Gwado ne mafi nauyi, kowa na satar kallonsa, ba mai iya faɗa. Inna ta gani. Ta tashi da sandarta, ta zare shi da hannunta, ta ce kada a hana 'ya'yan mutane abincin gida saboda nata ɗa guda. Allura ta dawo daidai, aka yi ta sa mata albarka. Kawu Rabe yana tsaye yana wasa wuƙa, ko ɗago kai bai yi ba.

Tun da muka dawo Inna ta kwanta, gwadon na gefen matashinta. Ina jin tsoro, Idirisu. Ka yi mata addu'a.

Taka,
Sabuwa

New Bell
Disamba, 1994

Maigida,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya da hannuna, ko da yake waya ta riga ni. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ka haƙuri. Ba ta sha wuya ba a ƙarshe. Da gwadonka aka lulluɓe makararta, aka dawo mini da shi daga maƙabarta.

Akwai abin da na so in ɓoye maka, zuciyata ta ƙi. Wanda ya raka Badamasi filin jirgi ya dawo yana mamaki: sikelin can ya nuna akwatin bai ko kai kilo sha bakwai ba. Na tsare Hapsatu matar Kawu a bayan gida, ta fashe da kuka. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa ciniki ya mutu, shi ne Kawu ya taɓa cikin sikelinsa yadda zai riƙa nuna fiye da abin da aka ɗora. Ya sani sarai ranar nan. Amma masu sayen namansa ne suka kewaye shi, in ya buɗe baki rumfarsa ta mutu. Sai ya zaɓi ya kalli yayarsa tana zare gwadon.

Na kai gwadon asibitin unguwa, na roƙa aka ɗora mini a kan sikelin jarirai. Ashe da ya shiga akwatin, Idirisu. Da ya shiga har da saura.

Ban gaya wa Inna ba, ta tafi tana zaton ita ce ta cika zare. Ban kuma tona wa Kawu asiri ba tukuna, amma na daina gaishe shi, kowa ya ce ba ni da kunya, na ji.

Ranar sadakar uku ya aiko mana da nama, wai kilo biyu ne. Na mayar masa.

Gwadon na nan a ninke, ban wanke ba. Ba zan sake ba kowa shi ba. In kana so, ka zo ka ɗauka da kanka.

Matarka mai jiranka,
Sabuwa