Sunayen da Chinedu Ya Bari

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau na gano bayanan marasa lafiya na asibitin da muke wa aiki suna cikin sabnet, wato sashen hanyar sadarwar kwamfuta, da kowa zai iya shiga ta intanet. Marigayi Chinedu, abokin aikina, shi ne ya rubuta tsarin, ya sa wa sabnet biyun da muke da su suna "ɗaya" da "biyu". Shi kaɗai ya san wanne ne na waje, wanne ne na ciki. Har na juya wajen kujerarsa zan tambaye shi.

Oga ya ce, "Ladi, kwashe bayanan, ki sa sunayen da ko baƙo zai gane."

Na kwashe. Amma a tsarin, kowane layi na ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe; duk layin da na gyara, sai sunan Chinedu ya ɓace daga gefensa, nawa ya hau. Saura layi guda, na kasa taɓa shi.