Abin da Na Dasa a Kanki

Zuwa ga matata Laraba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa a hannun Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma sai kin yi min tsiya kan munin rubutuna kafin ki kai layi na biyu. Amma zama ya gagare ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. An sako ruwa a kanal da wuri bana, shinkafar rani ta yi kyau, tumatir kuwa ya yi arha har ana barinsa a bakin titi. 'Yarmu Rifkatu ta sauka lafiya, an samu namiji. Ƙaninta Dauda ya yi wa ɗakin Baba sabon rufi a Pankshin, kuma su biyun sun haɗe min kai: wai in saki gonar haya in koma gida, tunda ba mai dafa min a Kura. Na ce musu ba inda za ni sai na ga wani abu kore ya kama a kan kabarinki. A kan haka muka tsaya.

Kin san inda muka kwantar da ke? Bayan coci, ƙarƙashin babbar darbejiyar nan. Rana ba ta leƙa wurin sai da hantsi, shi ma a gurguje. Ba na son babbar bishiya, saiwarta za ta fasa simintin. Ba na son fulawar da ke mutuwa da ɗaukewar ruwa. Ɗan gajeren abu nake nema, iya gwiwa, wanda ganyensa ba ya zuba rani da damina.

Na fara da lalle saboda ke. Ya miƙe siriri yana neman rana, ya ƙare a tsinke. Bini-da-zugu ya kama, amma rani na shigowa ya tuɓe tas. Sai na hau mota zuwa Kano wurin masu sayar da dashe a bakin hanya, na sayo mai faɗin ganye, ja da rawaya, da wani mai ƙananan jajayen furanni. Duk suka yi yaushi suka mutu. Na zagi awaki, na zagi darbejiya, na zagi mai dashen a bayan idonsa.

Da na tuge na ƙarshen, sai ga saiwa baƙa wuluk tana wari. Laraba, fangali fa na yi musu. Na ja musu kunya ta ko'ina kamar shinkafa, ina cika shi safe da yamma, a inuwar da ƙasa ba ta bushewa. Me kike tsammani daga mutumin da ya tsufa a cikin ruwa iya ƙauri? Ni dai a sanina, abin da kake so ruwa kake ba shi.

Na sake komawa Kano, na zaɓo wani gajere mai duhun ganye mai sheƙi, wanda na tarar a inuwa ya yi ɓul-ɓul. Na gauraya yashi da taki, na kewaye shi da ƙaya. Ba na ba shi ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa a bushe. Ban taɓa aiki mai wuya irin wannan ba. Mutum ya je wurin matarsa hannu rabbana, ya yi me? Sai in zauna, in tashi, in zaga, in sake zama.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Yara suna ta cewa gida, gida. Ni ban san Pankshin a gida ba, ban san Kura ba. Inda nake jin ƙarar jan silifas ɗinki a tsakar gida, nan ne gida. Ina kewarki, kuma ina jin tsoron nisa da ke.

To, ya kama, Laraba. Ya fitar da sabon toho ta ko'ina. Na ƙyale shi da gangan a tsakiyar zafin nan, ko sunkuyawa bai yi ba. Ba ya bukatata. Rifkatu ta bugo waya tana tambaya, na ce ana dai dubawa. Dauda kuwa zai zo bayan girbi, zai gani da idonsa.

Jiya na je da bokiti cike fal. Na tsaya a kansa, na san sarai abin da zai faru in na koma cika shi safe da yamma: zai ruɓe, in samu dalilin zama, kuma ba wanda zai zarge ni. Na daɗe a tsaye har hannuna ya sage. Daga ƙarshe na juye wa darbejiya.

Ke nan zan tafi. Shi zai zauna da ke, ya fi ni haƙuri.

Ki huta lafiya, Maman Rifkatu. Sai mun sadu.

Mijinki,
Bitrus, wanda har yanzu bai ɗaure ko tsinke ba.