Motar da Ado Ya Kawo

Dogon Dutsi, ran Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Illo maƙeri, a Kore Mairuwa. Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lahiya.

Bayan haka, cikin buhun geron nan akwai ƙunshi. Ka kwance shi kai kaɗai. 'Yar mota ce ta ƙarhe, tsawonta taki ɗaya, irin wadda manyan soja ke shiga. Ka cire tutar da ke gabanta, ka goge lambar da ke gehe, ka ɓatar da koren launin. Ina so ta koma motar 'yan kasuwa. Kwana bakwai gare ka. Kada ka tambaye ni dalili.

Wanka, Maikano tafinta.

Kore Mairuwa, ran Talata.

Yaya Maikano, ina gaisuwa. Liman ke rubutawa, ni ke hwaɗi, kuma na ce mishi kada ya gyara mini magana.

Shekara uku ba ka tako gidan ga ba, ko sa'ad da Inna tay yi ciwo, sai yau kwatsam ga gero! Na kwance ƙunshin gabana ya hwaɗi. Tutar Ingilishi ce, Yaya. Ni ba yaro ba ne. Tun da Faransi sunka ruhe iyaka da ƙasar Ingilishi, wanda anka gani da ko ashanar Ingilishi sai kaso, gidan yari. Satin jiya gardi biyu sunka zauna bakin maƙerata suna kallon hannuna, ba su kawo ko lauje ba. Yau kuma kai da ke cin abincin kumandan ka aiko mini wannan. In wani kake so ka miƙa ma Nasara don a ƙara maka girma, hwaɗa mini gaskiya. Wallahi ban yarda da kai ba. Na turbuɗe ta cikin gawayi, ba ni taɓa ta.

Illo.

Dogon Dutsi, ran Alhamis.

Illo, bayan gaisuwa. Maganarka ta yi mini ciwo, amma kwana na ƙarewa.

Ado mijin ƙanwarmu Habsatu yana kaso. Ya ƙetara Birnin Kebbi da kanwa a ɓoye, wani direba ya ba shi motar, shi kuma marar wayo ya kawo wa Habsatu ta jera cikin kwanoninta. Maƙwabta suka gani, magana ta kai biro, ofishin kumandan. Gardi ba su gan ta ba, Habsatu ta riga ta kawo mini cikin zane. Kumandan ya ce a kawo motar ran da ya dawo rangadi. In ta ɓata, laifi ya tabbata. In ta zo da tuta, ya tabbata. Na gaya masa motar Faransi ce irin ta kantin Yamai. Habsatu ba ta cin abinci.

Ka gaida Liman, ka ce ya kama bakinsa.

Maikano.

Kore Mairuwa, ran Asabar.

Yaya, to mi ya hana ka hwaɗi haka tun hwarko? Kai dai da ɓoye-ɓoye!

Ga ta nan. Na cire tuta, na toshe ramin da dalma. Lambar na bi ta da magagari hal ta yi sumul. Koren na ƙone shi, na shahe ta da man gyaɗa na mayar wuta, ta yi baƙi ƙirin. Na ƙera mata shinge bisa kai, matata Ramatu ta ɗinka 'yan buhuna huɗu munka ɗaura. Cikinta ban taɓa ba, ni ban taɓa shiga mota ba balle in san abin da ke ciki. Don Habsatu na yi, ba don kai ba. Kuma ina nan ina sauraren ranar da gardi za su zo da igiya, don na san in Nasara ya matsa maka sunana za ka hwaɗi.

Illo.

Dogon Dutsi, ran Laraba.

Ƙanena, ina gaishe ka.

Aikinka ya yi kyau. Kumandan ya juya ta, ya yi dariyar buhunan Ramatu, har na fara jin sanyi. Sai ya sa yatsa ta taga. Abin tuƙinta a dama yake, Illo. Motocin Faransi a hagu suke da shi. Shekara tara ina zama bayan direba, ban tuna ba. Laifina ne.

An yanke wa Ado wata shida a aikin hanya. Habsatu tana gidana.

Sau uku kumandan ya tambaye ni sunan maƙerin, sau uku na hana shi. Jiya na mayar wa Nasara da hularsu da makullin biro, na bar aiki. Ka hura wutarka, ba mai zuwa. In damina ta faɗi, ka bar mini gefen gonar Baba.

Wanka, Maikano.