Ku Ba Ni Sunan da Zan Kira Ɗan Farina

Zuwa ga Shugaban hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Ni sunana Talatu, a Birnin Kudu nake, ƙuli-ƙuli ne sana'ata. Karatuna firamare ne, a waya nake danna wannan da yatsa, in ka ga kuskure ka yi haƙuri. Ƙorafi na kawo, amma ba na faɗa ba ne.

Maganar ɗan farina ce. Ba zan rubuta sunansa ba, ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Balle ni da kakata Bafulatanar Zandam ta raine ni, abin ya fi tsanani. Tun yana goye "kai" nake ce masa, har ya yi gemu haka muke. Da ya gama kwalejin foli ya ɗauko babbar difloma kan aikin titi da gada, sai gari ya ɗauka, Injiniya, Injiniya. Wallahi daɗin da na ji ba na takardar ba ne kaɗai. Na samu sunan da zan kira ɗana da ƙarfi, ba kunya. Nakan kira shi ko ba ni da abin faɗa, in ya zo na ce dama tambaya zan yi ko ya sha ruwa.

To sai ya je wajenku ya yi rajista. Ya dawo ya durƙusa ya ce Inna a daina. Wai rajistarku hawa-hawa ce, Injiniya na mai digirin jami'a ne, shi hawansa takanolojis ake ce masa, kuma laifi ne ya amsa sunan da ba shi aka rubuta masa ba. Yaron nan marigayi ubansa ya gado wajen tsoron doka. Tun ranar in na ce Injiniya ba ya waiwayowa.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, sunan nan naku bai zauna a bakina ba. Na gwada a tsakar gida, ƙanwarsa Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki. Kwanaki zai tafi aikin kwalbati wajen Gwaram, ya manta kular dambun da na zuba masa. Na biyo shi ƙofar gida ya riga ya tada babur. In ce Injiniya, ya hana. In kama sunan yanka, Allah ya kiyaye. Ina ta kai, kai, duk mazan da ke kan dakali suka waiwayo ban da shi. Malam Sule mai shayi har yana tambaya ko shi nake kira. Su suka cinye dambun nan suna sa mini albarka, ɗana ya wuni a rana da yunwa.

Na biyu, wannan ya fi damuna. Magana iri-iri muke ji. Wasu sun ce za a haɗe hawan nasa da na sama, wasu sun ce soke shi za a yi, wasu sun ce ba ya gaba sai ya koma jami'a. Yanzu yana ta maganar ajiye aiki ya koma aji, ga matarsa da tsohon ciki. Ni ban ce a ba shi abin da bai karanta ba. Gada ba wasa ba ce, mu ne muke bi ta kai in za mu biki Basirka, wanda ya cancanta ya sa hannu a takardar aikinta shi ya sa. Amma ranka ya daɗe, tsani in an jingina shi ai don a hau ne. In akwai hanyar hawa yana kan aikinsa, ku faɗa a fili. In babu, shi ma ku faɗa, mu san shirin da za mu yi.

Na uku, a garinmu mai gyaran janareta Injiniya ne, mai gyaran injin markaɗe ma Injiniya ne, ba mai hana su, ni ma ban ce a hana su ba. Wanda ya bi layi ya yi rajista shi ne kaɗai ya rasa sunan.

Roƙona, ku yi bayanin makomar hawan nan a rediyo, da Hausa, mu iyaye mu ji da kunnenmu kafin yaro ya saki aikinsa a kan jita-jita. Sannan ku nemo wa hawansa suna gajere mai daraja wanda tsohuwa za ta iya kira daga ƙofar gida. In kuma wata rana ya kai na saman, don Allah a fara sanar da ni. So nake yana tada babur in ƙwala masa kira, dole ya waiwayo.

Allah ya taya ka riƙo, ya raya zuri'arka, ya sa mahaifiyarka ta ji daɗin kiranka kamar yadda na ɗan ji. In hanya ta biyo da kai Birnin Kudu ka tsaya, akwai ƙuli-ƙulinka.

Wassalam.

Talatu mai ƙuli-ƙuli, wadda har yau unguwa ke ce wa Maman Injiniya. Ni dai ina amsawa, ni ban yi rajista ba.