Tsarabar da Aka Mayar Mini

Hyattsville, Maryland

Zuwa ga Gwaggo Sailuba,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarambanin rubuto miki, ni da ko a waya sai Umma ta matsa mini nake buɗe baki. Ina fatan kina lafiya, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai Abba da aikin asibiti ya hana shi zama.

Gwaggo, na yi kuskure. Makarantarmu ta kai mu bakin ruwa kallon wani jirgin katako mai dogayen sanduna da manyan ƙyallaye, wanda iska ke turawa, irin wanda ya kawo Turawan farko ƙasar nan ta Amurka. Muka ja igiya, muka ga yadda suka sare daji suka shuka taba. Ƙawata Lizzy ba ta je ba, ta ce kanta ke ciwo. Ke kika koya mana ba a dawowa daga tafiya hannu banza, sai na sayo mata ɗan ƙaramin jirgin, na kai har gidansu a Largo.

Kakarta ce ta karɓa. Ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta zaunar da ni. Ashe su 'yan ƙabilar Piscataway ne, mutanen da Turawan suka tarar a bakin ruwan nan. Ta ce bayan jiragen sai cututtuka, bayan cututtuka sai shinge a gonakinsu, har yawancin waɗanda suka rage suka watse. Ta ce jirgi kam an iya sake ƙera shi har da igiyoyinsa, amma ita da furfurarta ba ta san yadda kakanninta ke cewa ina kwana ba, kuma babu wanda za ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar mini da shi cikin ledarsa, ta ce in gaida Umma.

Tun ranar Lizzy ta daina zama kusa da ni lokacin cin abinci. Sau ɗaya ta yi mini magana, ta ce ta ɗauka ko kowa bai gane ba, ni zan gane, tunda mu ma Turawa sun zo mana ƙasarmu. Ba ni da wata ƙawa a ajin sai ita. Abba ya ce in bari ta huce. Umma ta ce a yi masa da miyar taushe mu kai, amma yanzu tsoron kai wani abu gidan nake. Yaya ake ba mutum haƙuri a kan abin da ba ya gyaruwa? Abin da kika ce shi zan yi.

Ki gaida mini Baffa Misbahu da Afnan, Khalil ma yana gaisuwa. In ba takura, ki ba ni izini in sake rubuto miki.

'Yarki,
Mubina