Kamu Ɗaya a Bangon Hamus

Lahadi, 20 ga Tammuz
Na je ganin sabon gidan ɗana Hamus. Bangon da ke kallon ƙofa fari fat, daga sama har ƙasa! A duk tsibirinmu na Jerba babu gidan Bayahuden kirki da ba a bar kamu ɗaya ba shafe don tunawa da Haikalin Urushalima da aka rushe. Munji mai shafe, Musulmi ma, ya san haka. Ya ce, "Wallahi na bari, Lalla. Matar gidan ce ta sa na rufe."
Na rantse ƙafata ba za ta taka gidan ba sai an kankare.

Talata, 22 ga Tammuz
Hamus ya zo. "Haba Umma, a kan bango?" Na ce a kan bango kakanninka suka yi shekara dubu biyu suna kuka, sakarai. Ko shayi ban ba shi ba.

Laraba, 1 ga Ab
An shiga kwanakin makokin Haikali, an daina cin nama. Allah ya sa a gidan Hamus ma sun tuna.

Litinin, 6 ga Ab
Gazala, matar tasa, ta zo da kanta. Na yi mata faɗa sosai, ta bari na gama. Sannan ta ce, "Umma, ciki uku na rasa a tsohon gida, kullum idona a kan wancan tabon. Ina son bango ɗaya da ba ya ce min an rasa wani abu."
Na ce doka ba ta san wannan ba. Kuma gaskiya na faɗa.
Uku. Ni biyu na sani.

Juma'a, 10 ga Ab
Jiya azumin rushewar Haikali. Mun zauna a ƙasa a majami'a, ba takalmin fata. Ranar ba a gaisuwa, saboda haka ba sai na yi shawarar ko zan gaishe ta ba. Ta zauna kusa da ni. Da aka zo karatun uwayen da suka rasa 'ya'yansu, kukanta ya fi na kowa. Ni shekara arba'in ina matso hawayena da ƙyar.
Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau.

Lahadi, 12 ga Ab
Na dafa kuskus da naman rago, ya yi min yawa, sai na kai gidan Hamus. Tukunya da nauyi, ba a miƙa ta daga bakin ƙofa, dole mutum ya shiga ya ajiye. Yarinyar ta rame, na tsaya sai da ta cinye. Na zauna ne bayana ga bangon.
Maganar tana nan, ban janye ba. Gobe kifi zan kai.